Blu-ray ko HD DVD? Amsar tana cikin wayar da ke aljihunka

Kwanakin baya ƙanin wani abokina ya turo min hoto ta WhatsApp. Ya ga wata na'urar kallon faifai a wajen mai kayan gwanjo a nan Dutse, an rubuta HD DVD a goshinta, kuma kuɗin da aka yi mata bai taka kara ya karya ba. Sai ya ce min: "Yaya, in sayi wannan ne ko in ƙara tara kuɗi in sayi Blu-ray?" Na ce masa kada ya sayi ko ɗaya. Tun da na san ba shi kaɗai ke da irin wannan tambaya ba, bari in kawo dalilaina a nan kowa ya amfana.

Mu fara da asalin rigimar. A shekarar 2006 aka fito da faifai iri 2 da kowanne ke son ya gaji DVD. Kamfanin Toshiba ne ya jagoranci HD DVD, Microsoft da Intel suna mara masa baya. Sony kuma ya jagoranci Blu-ray tare da Panasonic da Philips da sauransu. Dukansu suna karanta faifai da shuɗin hasken leza mai tsawon nanomita 405, wanda ya fi jan hasken DVD mai 650 siranta, shi ya sa suke iya cusa bayanai da yawa a faifai mai faɗi ɗaya da na da. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar 4.7GB, HD DVD 15GB, Blu-ray kuwa 25GB. Matsalar ita ce faifan wannan ba ya yi a na'urar wancan.

HD DVD yana da nasa alfanun: na'urorinsa sun fi araha, kuma masana'antun da ke buga DVD ba sa buƙatar babban gyara kafin su buga shi. Amma Sony ya yi wata dabara. Ya saka Blu-ray a cikin PlayStation 3 da ya fito a watan Nuwamba 2006, wato duk wanda ya sayi na'urar gem ya kai Blu-ray gidansa ko bai yi niyya ba. Masu Xbox 360 kuwa sai sun sayi wata na'ura daban sun jona kafin su kalli HD DVD. Ranar 4 ga Janairu 2008 kamfanin fina-finai na Warner Bros. ya sanar da cewa ya koma Blu-ray kaɗai, ranar 19 ga Fabrairu 2008 kuma Toshiba ya ce ya haƙura. Don haka na'urar da yaron nan ya gani gawa ce tun 2008, ba wanda ke buga mata sabon fim.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, tsarin da ya riga ya shiga hannun jama'a shi ke cin gasa. Idan muka auna da wannan ma'auni, a Jigawa Blu-ray ɗin ma bai ci komai ba.

Ku tuna yadda muka taso. Fina-finan Hausa sun fara ne a kaset ɗin bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990. Daga nan aka koma faifan VCD, wanda hotonsa ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, kuma da ƙyar yake ɗaukar minti 80. Sai DVD ya zo. 'Yan kasuwa suna saro faifai daga Ƙofar Wambai a Kano, su baza a Dutse da Shuwarin da Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun. A tsari, bayan DVD sai Blu-ray, amma ni dai tun tasowata ban taɓa riƙe fim ɗin Hausa a faifan Blu-ray ba. Kafin ka mori Blu-ray sai kana da na'urarsa, da babbar talabijin mai nuna ɗigo 1920 da 1080, da tsayayyar wutar lantarki. Ita kuwa waya caji ɗaya ya ishe ta. Shi ya sa muka tsallake daga DVD kai tsaye zuwa memori da shagunan masu tura fina-finai, daga nan zuwa Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube inda ake bin shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So.

Ko a ƙasashen da ya yi tashe, Blu-ray yana ja da baya. Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorinsa a Amurka tun 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024, shi kansa Sony ya daina ƙera fankon faifan Blu-ray da ake naɗar bayanai a kai a watan Fabrairu 2025.

To ina gasar ta koma? Ta koma cikin fayil. Kowane bidiyo da ke wayarka an matse shi ne da wani tsari don ya rage girma, kuma manyan tsare-tsaren yanzu guda 3 ne. Akwai H.264 na 2003, wanda Blu-ray da HD DVD duka suka yi amfani da shi, ga shi har yau yana nan daram. Akwai H.265 na 2013, da aka tsara don ya ba da hoto mai kyau iri ɗaya da kusan rabin girman fayil. Sai AV1 na 2018, wanda Google da Netflix da Amazon da wasu suka haɗu suka samar don kauce wa biyan kuɗin lasisi. Wannan ce gasar da ta shafi datarka da batirinka.

Ga matsayata. Idan bidiyon na rabawa ne, irin na biki ko wa'azi ko darasin makaranta da zai zagaya wayoyi iri-iri, a ajiye shi a MP4 mai H.264, a matakin 720p. Kusan babu wayar Android ko talabijin mai ramin filashi da za ta ƙi shi. Idan kuwa naka ne kai kaɗai kuma wayarka ba tsohuwa ba ce, H.265 zai rage maka cin wuri. Sai dai ka gwada tukuna. Idan ƙwaƙwalwar wayar ba ta da sashen da ke warware wannan tsari, aikin zai koma kan manhaja, sai ka ga hoto yana sarƙewa, waya ta ɗauki zafi, caji yana zuba. Haka AV1 yake a yawancin wayoyi masu araha, don haka kada ka wahalar da kanka a kansa yanzu.

Me ya sa na ce 720p? Da yawa daga cikin ƙananan wayoyin Tecno da Itel da Infinix da muke riƙewa, fuskarsu ɗigo 720 ce a faɗi. In ka sauke fim mai 1080p ko 4K a irin wannan waya, ka biya kuɗin datar abin da idonka ba zai gani ba. Yi lissafi: fim mai awa 2 da aka matse a megabit 1.5 duk daƙiƙa zai ci kimanin 1.3GB. Faifan Blu-ray ɗaya kuwa 25GB ne ko 50GB.

Na san wani zai ce ai hoton Blu-ray ya fi kyau. Gaskiya ne, ba na musu. A babbar talabijin, faifan ya fi abin da ake kallo ta intanet tsabtar hoto da sauti, kuma abin da ka saya naka ne, ba mai goge maka shi daga nesa. Idan kana da PS4 ko PS5 mai ramin faifai, ai kana da Blu-ray a gida, ba sai ka sayi wata na'ura ba. Ka dai lura da shiyya: faifan Afirka da Turai na shiyyar B ne, na Amurka na shiyyar A, kuma wasu faifan ba sa yi a na'urar da ba ta shiyyarsu ba. Amma mutum nawa ne a cikinmu ke da wannan hali?

Abin da ya fi damuna ma ba sabon faifai ba ne, tsofaffin da ke jibge a gidajenmu ne. Bara mahaifiyarmu ta ce in kunna mata bidiyon bikin yayata, wanda aka naɗa a DVD. Faifan ya karce, zafi da ƙura sun gama da shi. Na kwana ina fama a kwamfuta, abin da na ceto bai kai rabi ba, kuma wurin da marigayiya kakarmu take sa albarka yana cikin wanda ya tafi. Faifan da aka naɗa a shago ba ya dawwama, balle a zafin watan Afrilu na garin nan.

Saboda haka kuɗin da za ka kashe a na'urar gwanjo, ka kashe su a nan. Tattaro faifan bikin gidanku da na saukar karatu, ka nemi kwamfuta mai ramin DVD, ka juya su zuwa MP4 da manhajar HandBrake, kyauta ce. Ka sayi memori na gaske, don jabu sun cika kasuwa: za a rubuta 64GB, kana wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai fayiloli su lalace. Manhajar H2testw a kwamfuta tana tona asirinsa. In fayil mai fiye da 4GB ya ƙi shiga, tsarin FAT32 ne ya hana, sai a mayar da memorin exFAT bayan an kwashe abin da ke ciki. Sannan kada ka dogara da wuri ɗaya, ajiye kwafi 2, ɗaya a memori ko filashi, ɗaya a Google Drive ko wajen wani ɗan'uwa.

Wannan shawara ta bidiyon gidanku ce, ba ta kwafar fim ɗin mutane ba. Sauƙin turawa ya taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifai a Kano, kuma masu shirya fim sun ji a jikinsu. In fim yana tashar mai shi a YouTube, kalle shi a can don ya samu ɗan abin da zai yi wani.

Shi dai ƙanin abokin nawa ya fasa sayen na'urar. Memori ya saya, ranar Asabar kuma zai kawo min faifan bikin iyayensa mu gwada sa'a.