Zagaye Biyu a Fuji: Wai Tsoro ne Ya Hana Lauda Kambu?

Musu ne ya sa ni wannan rubutu. Wata Asabar da aka ɗauke wuta a hostel, mu shida muka taru a kan laftof ɗaya muna kallon Rush, fim ɗin da Ron Howard ya fitar a 2013 kan hamayyar Niki Lauda da James Hunt a gasar tseren motoci ta Formula One. Da aka zo inda Lauda ya karkato da motarsa ya shiga gareji ana tsakiyar tseren ƙarshe, sai wani ɗan ajinmu ya buga cinya ya ce, "Kai! Wannan ai matsoraci ne. Duk wahalar da ka sha, sai da aka zo ƙarshe za ka ajiye?" Huɗu suka goyi bayansa. Ni kaɗai na ce ba haka ba ne, kuma aka yi mini caa har cajin laftof ya ƙare. Tunda ba su bari na gama maganata a daren ba, bari in gama ta a nan.

Fim yana ƙara gishiri, don haka mu koma ga abin da ya faru da gaske.

Shekarar 1976 ce. Lauda, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ne mai riƙe da kambun duniya, yana tuƙa wa Ferrari. Hunt, ɗan Ingila, yana McLaren. A farkon kakar Lauda ya yi nisa sosai da maki, har mutane sun fara cewa an gama. Sai ranar 1 ga Agusta aka je Nürburgring a Jamus, titin tsere mai tsawon sama da kilomita 22 da ya ratsa daji da duwatsu. Kafin a fara, Lauda ya nemi direbobi su ƙi yin tseren, saboda tsawon titin ya sa babu isassun masu kashe gobara da motocin asibiti a ko'ina. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da shi, ya shiga mota. A zagaye na biyu motarsa ta ƙwace, ta daki shinge, ta kama da wuta. Direbobi huɗu ne suka tsaya suka ciro shi: Arturo Merzario, Brett Lunger, Guy Edwards da Harald Ertl. Ya ƙone a fuska da kai, ya rasa mafi yawan kunnensa na dama, hayaƙi mai guba ya lalata masa huhu. A asibiti har an kira limamin coci ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai gargara.

Mako shida bayan haka, ranar 12 ga Satumba, wannan mutumin ya koma cikin mota a Monza ta Italiya, raunukansa ba su gama warkewa ba, ya zo na huɗu. Ina so duk mai cewa matsoraci ne ya riƙe wannan a ransa kafin mu ci gaba.

Tsere biyu ya rasa yana kwance, Hunt kuma ya yi ta cin nasara: Jamus, Holan, Kanada, Amurka. Da aka iso tseren ƙarshe, ranar 24 ga Oktoba a Fuji, a gindin shahararren dutsen nan na Japan, Lauda yana da maki 68, Hunt yana da 65. Wannan ne karo na farko da aka kai gasar cin kambun duniya Japan. A tsarin lokacin, na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 4, na huɗu 3, na biyar 2, na shida 1.

Masu musu da ni ba su kula da gwajin share fage ba, alhali a nan hujjata ta farko take. Ga wanda bai saba da wasan ba: kafin ranar tsere, kowane direba yana fita ya zaga titin ana auna masa lokaci, wanda ya fi kowa sauri a zagaye ɗaya shi ake sa wa a sahun gaba. A Fuji, a kan busasshen titi mai tsawon kilomita 4.359, Mario Andretti na Lotus ya yi minti 1 da daƙiƙa 12.77. Hunt ya yi 12.80. Lauda ya yi 13.08, ya zo na uku. Tsakaninsa da wanda ya fi kowa sauri bai kai sulusin daƙiƙa ba. Ka ƙifta ido ka ga ko za ka iya auna wannan. Mutumin da tsoro ya cinye masa zuciya ba ya yin irin wannan gudu a cikin mota irin wadda ta kusa gasa shi da rai. Ranar Asabar Lauda lafiyarsa ƙalau, a shirye yake ya kare kambunsa. Abin da ya canza ranar Lahadi shi ne sama.

Ruwa aka wayi gari ana yi kamar da bakin ƙwarya, ga hazo, ga ruwa yana gudu a kan titi. 'Yan Makanikal da 'yan Sibil sun san abin da ke faruwa idan taya mai faɗi ta hau ruwa da gudu: ba ta samun lokacin ture ruwan gefe, sai ruwan ya shiga tsakaninta da kwalta ya ɗaga ta. Daga nan sitiyari ba ya aiki, birki ba ya aiki, kai fasinja ne kawai. Ƙari a kan haka, motar da ke gabanka tana watsa maka feshin ruwa har ba ka ganin komai. Lauda kuwa wutar Nürburgring ta ƙona masa fatar ido, ba ya iya ƙifta ido yadda ya kamata. Direbobi da yawa ba su so a fara ba, har da Hunt ɗin kansa. Aka yi ta jinkiri ana tattaunawa, amma ga 'yan kallo sun cika wuri, ga gidajen talabijin na jira, ga duhu na gabatowa. Aka ce a tashi.

Hunt ya fizgi mota ya wuce gaba, wanda ke nufin shi kaɗai ne babu feshin kowa a fuskarsa. Lauda ya yi zagaye biyu, ya shigo gareji, ya kashe mota ya fito. Ba shi kaɗai ba ne ma: Emerson Fittipaldi, wanda ya ci kambun duniya sau biyu, da Carlos Pace da Larry Perkins su ma sun ajiye. Ba wanda yake tuna su, domin su ba su da kambun da za su rasa.

Sauran labarin ya yi daɗin kallo, ba na musun haka. Ruwa ya tsagaita, titi ya fara bushewa, tayoyin ruwa suka fara yin zafi suna cinyewa. Andretti, tsohon hannu, ya riƙa neman inda ruwa ya kwanta yana bi ta ciki don tayoyinsa su huce. Hunt ya ci gaba da gudu abinsa, har Patrick Depailler a cikin motar Tyrrell mai taya shida ya wuce shi, Andretti ma ya wuce. Saura zagaye biyar cikin 73, taya ta fashe wa Hunt, ya shiga gareji, ya fito yana na biyar. Na huɗu yake buƙata. Ya wuce Alan Jones da Clay Regazzoni, abokin aikin Lauda a Ferrari, ya ƙare na uku. Andretti ya yi na ɗaya, Depailler na biyu, Hunt na uku, Jones na huɗu, Regazzoni na biyar, Gunnar Nilsson na shida. Hunt 69, Lauda 68. Hunt bai ma san ya ci ba, ya fito daga mota yana yi wa shugaban tawagarsa Teddy Mayer faɗa, sai da aka yi ta nanata masa cewa shi ne zakara.

To a nan abokaina suka kama ni, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce ai ruwan ya tsaya. Babu wanda ya mutu a ranar. Da Lauda ya daure ya lallaɓa a baya na rabin awa, wataƙila da ya tsinci makin da zai ishe shi. Na yarda da wannan duka. Amma Lauda ba shi da labarin abin da sama za ta yi bayan minti talatin. Abin da ya sani a zagaye na biyu shi ne ba ya ganin gabansa, kuma ya taɓa yin gargaɗi sau ɗaya a wannan shekarar, aka ƙi ji, ya bi ra'ayin jama'a, ya tashi a gadon asibiti. Ana auna shawara da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta. Direban da ya kwasa da gudu a hanyar da ba ya gani ya isa gida lafiya, sa'a ya yi, kuma ba ma koya wa yara su yi koyi da shi.

Kuma kada a ɗauka haɗarin na fatar baki ne. A shekarun nan mutuwa abokiyar tafiya ce a Formula One. Roger Williamson da François Cevert sun mutu a 1973, Peter Revson da Helmuth Koinigg a 1974, Mark Donohue a 1975, Tom Pryce a 1977. Duk Lauda ya san su. Daga baya ma wasan da kansa ya dawo kan ra'ayinsa. Ba a sake yin tseren Formula One a tsohon dogon titin Nürburgring ba bayan 1976. A 2014, a Suzuka ta Japan, cikin ruwan sama, Jules Bianchi ya daki motar da ke janye wata motar da ta yi haɗari, ya rasu a 2015. A 2021 a Spa ta Beljiyam, saboda ruwa, 'yan zagaye kaɗan aka yi a bayan motar tsaro aka tashi. 'Yan kallo sun yi fushi, amma ba wanda ya kira direbobin matsorata.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba ajiye motar ba ne. Da Lauda ya fito, babban injiniyan Ferrari, Mauro Forghieri, ya ba shi mafita: a faɗa wa 'yan jarida mota ce ta samu matsala. Ƙarya mai sauƙi, wadda ba mai iya tonawa, wadda za ta rufa wa kowa asiri. Lauda ya ƙi. Ya ce a faɗi gaskiya, shi ne ya ga ransa ya fi masa kambu. Jaridun Italiya suka yi masa ca, dangantakarsa da Enzo Ferrari ta yi tsami. A 1977 ya sake cin kambun da motar Ferrari ɗin, ya tattara kayansa ya bar su tun kafin kakar ta ƙare. A 1984 ya ci na uku da McLaren, da ratar rabin maki a kan Alain Prost.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni, bari in tona wa kaina asiri. Lokacin SIWES ɗina, a wani wurin aikin ƙarfe da ba zan ambaci sunansa ba, akwai giranda da aka cire wa murfin kariya, faifanta kuma ya tsage a gefe. Ranar da Oga ya miƙo mini ita ya ce in gyara bakin wani ƙarfe, na kalli faifan, na san abin da aka koya mana a aji game da faifan da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya idan ya tarwatse. Ban taɓa ta ba. Amma me na ce? Na ce, "Oga, wallahi cikina ke murɗawa, bari in zaga." Na je na ɓuya minti ashirin, na dawo na tarar wani yaron shago ya yi aikin, fuskarsa ko tabarau babu. Logbuk ɗina na hannun Oga, sa hannunsa nake buƙata, shi ya sa na zaɓi ciwon ciki. Na tsira da idona, na tsira da makina, girandar kuma ta ci gaba da zama yadda take, tunda a sanin Oga ba wanda ya taɓa cewa tana da matsala. Mafitar da Forghieri ya miƙa wa Lauda ya ƙi karɓa, ni da hannu biyu na karɓe ta.

Za a ce, kuma gaskiya ne, Lauda zakaran duniya ne mai kuɗi, yana da ƙarfin cewa a'a. Ɗalibin da ke jiran sa hannu, ko yaron shagon da ke jiran kuɗin abincin rana, ba shi da wannan gatan. Shi ya sa ba na jin haushin abokaina da suka kira shi matsoraci. An raine mu a kan cewa namiji ba ya ja da baya, kuma duk mun ga yadda ake tafa wa mai wasa da mota ranar kammala karatu, yana juyi a tsakiyar jama'a, har sai ranar da ta ƙwace masa. Amma daidai wannan rashin gatan ne ya sa nake ganin maganar ta shafi ƙungiyarmu. Kowace shekara ana tura ɗaruruwanmu wuraren walda, gine-gine, masana'antu da turakun wuta. Idan ɗalibi ya ga abin da zai iya cire masa yatsa ya ƙi taɓawa, wa zai tsaya masa idan aka riƙe masa logbuk? Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su zauna da ofishin SIWES kafin a tura rukuni na gaba, a fitar da lambar waya ɗaya da ɗalibi zai kira ya kai rahoto, a kuma rubuta a takarda cewa wanda ya ƙi aiki saboda haɗari ba zai rasa makinsa ba, za a sauya masa wuri.

Shi kuwa ɗan ajinmu da ya buga cinya, har yanzu yana kan bakansa cewa da shi ne da ya ƙarasa tseren. Zangon karatu mai zuwa shi ma zai tafi SIWES, kuma na ji yana neman wuri a layin masu walda, inda na yi nawa. Na riga na faɗa masa wace giranda ce.