Karɓar gasar ƙwallo: gina fili da riƙon fili

A watan Fabrairu na 2019, Nijar ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta matasa ƴan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 8 suka kara a Yamai da Maraɗi, Mali ta ci kofi bayan ta doke Senegal.

Kafin baƙi su iso, hukumar CAF takan duba ciyawar fili, da fitilu, da masauki, da hanyar kai ɗan wasa likita. Raba wasannin gida biyu ya sa aikin gyara ya kai Maraɗi, kuma ya kusanto da gasar ga mutanen Magarya da Dungas, waɗanda Yamai ta yi musu nisa.

Amma riƙo ya fi gini wuya. A 2023, Mena ta karɓi Tanzaniya a Marakesh ta ƙasar Maroko, don filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba. Saboda haka ya wajaba a ware kuɗin kula da fili tun ranar da aka tsara kuɗin gina shi. Wannan nauyi yana wuyan gwamnati da magadan gari, har da na Magarya da Dungas, inda ƴan wasan gobe suke tasowa.