Fim ɗin Sarauniya Mangu bai iso Buza ba

Shiga kowane gidan kallo a Buza, Madawa ko Keita, matasa za su jero maka jaruman Indiya tiryan-tiryan, domin an juya musu finafinan zuwa Hausa. Tambaye su fim ɗin Sarauniya Mangu, sai kallon-kallo.

Alhali fim ɗin na nan tun 1986. Med Hondo, ɗan Muritaniya, shi ya shirya shi daga littafin da Abdoulaye Mamani ya wallafa a 1980. Labarin namu ne: a watan Afrilun 1899 rundunar Nasara ta Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta iso Lugu ta ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya ta ƙi miƙa wuya. Ba a jima ba rundunar nan ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, nan cikin jiharmu ta Tawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba a ƙasar nan aka ɗauki fim ɗin ba. Shiri da hukumomin Yamai ya wargaje, Burkina ta zamanin Sankara ta karɓe shi, 'yar ƙasarsu Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu. Duniya ta tafa, mu masu abin ko harshenmu Sarauniyar ba ta yi a ciki.

Na san masu ƙorafi. Wasu na cewa Ba'azna ce, me za a koya daga mai tsafi? Wasu kuma, da hujjarsu, na cewa Mamani ya ƙara gishiri, don a bakin mutanen Lugu an fi tuna ta da asiri, ba da fagen daga ba. To, ai wannan gardamar ce nake so a yi a tsakar gidanmu, gaban dattawan da suka gaji labarin ɓarnar Nasara daga kakanninsu. Wanda bai ga fim ba, da me zai yi musu?

Yanzu gwamnati na ba da lambar yabo da sunan Sarauniya Mangu, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Saura ma'aikatar al'adu ta nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin, a sa masa muryoyin Hausa, a kafa majigi a filin Buza ranar kasuwa da dare.