Filin Mata: Bargon Jariri Mai Gida-Gida

A wannan mako za mu yi magana ne a kan saƙar bargon jariri da kwarashi, irin mai zanen gida-gida kamar gidan dara. Mata da yawa in sun ga irin wannan bargo sai su ce ai sai gwanaye. Ba haka ba ne. Duk wadda ta iya sarƙa da doguwar saƙa, ta kuma iya ƙirga ɗaya zuwa takwas, to, za ta iya shi. Asirinsa launi uku ne da ƙidaya.

Wannan zane na masaƙa ne tun asali. Mutanen Sukotlan sun shahara da shi ƙwarai, har a shekarar 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mazan tuddan ƙasar sa tufafinsu na gado masu irin wannan zane, ba a ɗage dokar ba sai 1782. A wurin masaƙi, inda zaren tsaye mai duhu ya gamu da na kwance mai duhu sai gida ya fito da duhu, inda fari ya gamu da fari ya fito fari, inda kuwa suka gauraya sai ya fito tsaka-tsaki. Mai kwarashi ba ta da zaren tsaye da na kwance, don haka sai ta nemo zare na uku ya tsaya a madadin gaurayen nan.

To, ga abin da za ki tanada: kwarashi mai kaurin milimita 4, allura mai babban ido, almakashi, da ulu matsakaicin kauri launi uku. Misali shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, da fari. Lalle na tsakiyar ya zama ɗan'uwan mai duhun ne, watau kamar an sirka shi da fari. In kin sa launin da ba su da dangantaka, zanen ba zai fito ba. In dunƙulen mai giram 100 ne, sayi uku na tsakiya, biyu mai duhu, biyu fari, domin na tsakiyar shi ne zai ci rabin bargon. Ki saye su duka rana ɗaya a wuri ɗaya, gama rini ya kan bambanta ko da sunan launin ɗaya ne.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ki soma, saƙa ɗan gwaji: doguwar saƙa 16 a layi 8. In ya ba ki inci 4 kowane gefe, hannunki ya yi daidai. In ya fi haka, hannunki ya yi sako-sako, nemi kwarashi ƙarami. In bai kai ba, nemi babba.

Ga wadda ta manta doguwar saƙa: naɗa zare a kwarashi sau ɗaya, zura cikin ido, jawo zare. Idanu uku ke nan a kan kwarashi. Naɗa, ki fitar ta cikin biyu. Sake naɗawa, ki fitar ta cikin biyun da suka rage.

Yanzu sai aiki. Da zare mai duhu yi sarƙa 122. Soma saƙa a ido na huɗu daga kwarashi, ukun da kika tsallake su ne saƙa ta farko. Layi zai zama saƙa 120, watau gida 15, kowane gida saƙa 8. Yi takwas da mai duhu, takwas da na tsakiya, haka har ƙarshe, za ki ga kin ƙare da mai duhu kamar yadda kika fara. Yi sarƙa uku, ki juya, ki bi kowane launi a kan ɗan'uwansa har layi huɗu. Jeri na farko ke nan. A jeri na biyu sai ki ajiye mai duhu ki ɗauko fari: inda mai duhu yake a ƙasa ki sa na tsakiya, inda na tsakiya yake ki sa fari, shi ma layi huɗu. Sa'an nan ki koma irin na farko. Jeri 17 za ki yi, layi 68 ke nan, bargo ya tashi wajen inci 30 faɗi, inci 34 tsawo.

Wurin sauya launi nan ne hankali ya ke. Kada ki gama saƙa ta takwas da tsohon zare. In idanu biyu sun rage a kan kwarashi, sai ki fitar da su da sabon launi, ta haka bakin gida zai fito tsaf kamar an ja layi. Zaren da ba ki aiki da shi kuwa kada ki yanke, kada kuma ki bar shi yana reto a baya. Kwantar da shi a kan layin, ki riƙa saƙa a kansa yana ɓoye a ciki, kina ɗan jansa a hankali a ƙarshen kowane gida. In kin ja da ƙarfi bargo zai tattare.

Da kin gama, zagaye bakinsa da gajerar saƙa layi biyu, ki sa uku-uku a kowace kusurwa don kada ta naɗe. Duk wutsiyar zare ki tura ta cikin saƙa da allura kamar inci biyu kafin ki yanke.

Sauran magana ita ce mafi girma, gama abin nan na jariri ne, ba na adon gado ba. Kada ki sa masa geza, ko maɓalli, ko duwatsun ado, domin jariri komai baki ya ke kai wa. Zaren da aka bari yana reto ya kan naɗe ɗan yatsa har ya hana jini gudu. Ulun kanti yawancinsa na roba ne, wuta na narkar da shi ya manne a fata, don haka a nisanta shi da kaskon garwashi na ɗakin mai jego. Na gashin tumaki zalla kuma ya kan tsuke in ya sha ruwan zafi. Lokacin bazara zaren auduga ya fi. Ki wanke bargon kafin a ba jariri, ki ga ko launi na zuba.

Game da barci, likitocin yara sun ce a kwantar da jariri rigingine, kada a rufe masa fuska ko da hunturu ya tsananta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ce kada a bar bargo sake a makwancinsa har ya shekara. Saboda haka amfanin wannan bargo shi ne a runguma, da shimfiɗa, da fita unguwa, inda idon uwa ke kansa. In an kai miki shi kyauta ranar suna, ki riƙe wannan. In ke kika kai, ki faɗa wa mai jego da bakinki, kada kunya ta hana.

Wadda ta yi jeri ɗaya kowace rana, kafin mako uku ta gama. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana, ya ba masu ciki sauka lafiya. Sai mako mai zuwa.