Jirgin farautar dare ba shi da amfani a wasan da rana ba ta faɗuwa

Masu wasannin yaƙi na kwamfuta, irin su War Thunder na kamfanin Gaijin Entertainment, ba sa gajiya da neman a ƙara musu jirage. Daga cikin waɗanda suke kwaɗayi akwai jiragen farautar dare na Yaƙin Duniya na Biyu, masu ɗauke da rada, wato na'urar da ke aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta domin gano jirgin da ido ba ya gani. Buƙatar ba ta da laifi. Sai dai duk kamfanin da ya saka irin wannan jirgi ba tare da ya saka daren da aka ƙera shi dominsa ba, ya sayar wa mutane kwanso ne kawai, ya kuma koya musu tarihi a karkace.

A ɗauki misalin Junkers Ju 88 G na Jamus, wanda ya shiga aiki a 1944. Jirgi ne mai inji biyu, mai nauyi, da igwa huɗu masu bakin milimita 20 a ƙarƙashin cikinsa. A hancinsa akwai eriyoyin radar Lichtenstein SN-2, waɗanda suka yi cirko-cirko har Jamusawa suka kira su ƙahon barewa, kuma suna rage masa gudu. A mafi yawan fafatawar sama ta War Thunder ana gwabzawa ne da rana, wasan kuma yakan ɗora alama a kan abokin gaba da zarar an hango shi. A irin wannan fili rada ta zama ado, eriyoyin sun zama kaya. Spitfire ko Mustang mai inji ɗaya zai kewaye jirgin ya kakkaɓo shi cikin ɗan lokaci, matashin da ke riƙe da madannai kuma ya tashi da fahimtar cewa jirgin banza ne.

Tarihi kuwa ya nuna akasin haka. A daren 30 ga Maris 1944 Birtaniya ta aika jiragen ruwan bama-bamai 795 zuwa Nuremberg, 95 ba su dawo ba, kuma jiragen farautar dare ne suka harbo mafi yawansu. Rundunar jiragen ruwan bama-bamai ta Birtaniya ta rasa mutum 55,573 a tsawon yaƙin, cikin kimanin 125,000 da suka yi aiki a cikin jiragenta. Wannan ɓarna ba ta samu don jiragen Jamus sun fi gudu ko iya juyi ba. Ta samu ne saboda an gina wani tsari da jirgin yake ɗaya daga cikin gaɓoɓinsa.

Tsarin ya faro daga ƙasa. Janar Josef Kammhuber ya shimfiɗa jerin tashoshin rada daga Denmark zuwa Faransa, inda na'urar Freya ke hango maharan daga nesa, na'urar Würzburg kuma ta bi sawunsu. Jami'in da ke ƙasa ne yake jagorantar matuƙi ta rediyo har ya kusanci abin farautarsa. Daga nan sai mai kula da rada, wanda ke zaune a bayan matuƙi yana kallon ɗan ƙaramin allo, ya karɓi ragama yana cewa a yi dama, a yi hagu, a rage gudu. Matuƙi ba ya ganin komai sai a mitocin ƙarshe, lokacin da inuwar Lancaster ko wutar bututun hayaƙinta ta bayyana. Wasu jiragen ma an ɗora musu igwa masu kallon sama, da ake kira Schräge Musik, domin su lallaɓa ƙarƙashin jirgin Birtaniya inda masu gadinsa ba sa gani.

Haka abin yake a ɓangaren Birtaniya. John Cunningham ya yi suna a lokacin da Jamus ke ruwan wuta a kan biranen Ingila a 1940 da 1941, yana tuƙa Bristol Beaufighter. Hukumomi sun bar jama'a da labarin cewa yawan cin karas ne ya kaifafa masa ido, domin a ɓoye cewa jirginsa na ɗauke da rada. Mutumin da ke karanta na'urar a mafi yawan nasarorinsa, Jimmy Rawnsley, bai samu ko kusa da wannan suna ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasan da ya mayar da jirgin dare abin mutum ɗaya yana maimaita wannan rashin adalci ne bayan shekara 80.

Abin da ya fi jan hankali a yaƙin daren shi ne yadda kowane ɓangare ke warware dabarar ɗan'uwansa. A daren 24 ga Yuli 1943, a harin Hamburg, jiragen Birtaniya suka fara watsa siraran takardu masu rufin alminiyam, waɗanda suka laƙaba wa suna Window. Allunan radar Jamus suka cika da gizo, jirage 12 kacal aka rasa cikin 791. Jamus ta mayar da martani da SN-2, wadda takardun farko ba sa ruɗa ta, ta kuma ƙera Flensburg, na'urar da ke bin siginar radar Monica da Birtaniya ta ɗora a wutsiyar jiragenta don ta gargaɗe su. Abin da aka saka domin kariya ya koma mai kiran maharbi. Asirin ya tonu ne ranar 13 ga Yuli 1944, sa'ad da wani Ju 88 G ya ɓata hanya ya sauka a Woodbridge da ke Ingila, da na'urorinsa lafiya lau. Ba a jima ba aka cire Monica, aka kuma sauya tsawon takardun Window.

Masu ƙera wasanni suna da hujjarsu. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana son fafatawar minti goma, ba ya son shafe sa'a yana shawagi cikin duhu yana jiran ɗigo a kan allo. Kamfani kuma yana samun kuɗi ne daga sayar da sabbin jirage, kuma zana jirgi ɗaya ya fi gina sabon yanayin wasa sauƙi da araha. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta kai ta hana gyara ba. Babu wanda ya ce a kashe rana a dukan wasan. Abin da ake nema shi ne fili na musamman: dare na gaskiya, babu alama a kan abokin gaba, ayarin jiragen bama-bamai na tafe, ɗan wasa ɗaya na tuƙi, wani na karanta rada, ɗaya ɓangaren kuma na da Window da zai watsa. Wanda ya so ya shiga, wanda bai so ba ya tsaya a inda ya saba.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce nishaɗi shi ne, matasa da yawa a yau sun fara jin sunan Lancaster da Messerschmitt a wasa ne kafin su gan su a littafi. Abin da wasan ya nuna musu shi ne zai zauna a zukatansu. Ya kamata su san cewa Ju 88 G yana kare gwamnatin Nazi ne, su kuma san cewa hare-haren Hamburg na 1943 sun kashe mutum kusan 40,000, yawancinsu fararen hula. Taƙaitaccen bayani a shafin jirgin zai ɗauki wannan nauyi ba tare da ya rage wa wasan daɗi ba.

Saboda haka, kamfanin da ke shirin saka jirgin farautar dare ya fara da gina daren, da kujerar mai rada, da muryar jami'in ƙasa, sannan ya kawo jirgin. Idan ba zai iya ba, gara ya bar shi a gidan tarihi, inda aƙalla ake rubuta aikin da ya yi a jikin allon da ke gabansa.