A Ware Wa Kakanninmu Shafi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina da koke kan shafin ta'aziyya. Idan gwamna ya rasu, a cika shafi da muƙamansa, amma dattijon da ya tsufa yana kai cefane gida, ya riƙe marayun ƙaninsa, ya aurar da 'ya'ya, yana raka jikoki makarantar allo da sassafe, sai a sallame shi da layi biyu. Za a ce ba sananne ba ne. To ai tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa buga wasiƙun talakawa, kuma jama'a suka yi ta rububinta. Don Allah a ware shafi duk Juma'a, iyalai su riƙa aiko da tarihin irin waɗannan bayin Allah.

Naku,
Mai karatu daga Zariya