Maye Cikin Babbar Riga

A watan Nuwamba na shekarar 2023 aka yi gwanjon wata kwalbar wuski a birnin Landan, a gidan gwanjo na Sotheby's. Sunan wuskin Macallan. An tace shi a shekarar 1926, ya yi shekara 60 cikin ganga, sa'an nan aka ɗura shi cikin kwalabe 40 kaɗai a shekarar 1986. Kwalba ɗaya daga cikinsu ce aka saya a kan kuɗi fiye da fam miliyan 2 na Ingila. Jaridun duniya suka yi ta yayata labarin kamar an tono wata dukiyar sarakunan dā. Kaɗan ne suka tsaya suka yi tambaya: mene ne a cikin kwalbar? Amsar ba ta da wuya. Barasa ce, irin wadda takan kā da mutum a bakin hanya.

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wadda masu yinta suke kira ɗanɗanon wuski. Mutane sukan kafa ƙungiya, su taru a kai a kai, su jera ƙananan kofuna, su sansana, su kurɓa, su rubuta abin da suka ji. Wannan ya ce ya ji ƙanshin zuma, wancan ya ce hayaƙi da gishirin teku. Sukan ba kowace kwalba maki bisa ɗari, kamar malami yana duba jarrabawa. In aka ce musu mashaya, sai ransu ya ɓaci. A wurinsu wannan ilimi ne da abin shaƙatawa, kamar tara tsofaffin kan sarki ko kiwon tattabaru. Tun da yake wannan magana takan biyo matafiya da 'yan makarantar da suka yi karatu a waje har zuwa gida, ya kamata a auna ta da kyau.

Abin da ake kira singul molt

Gidan wannan wuski shi ne Sikotilan, a arewacin Birtaniya. Dokar da aka kafa a shekarar 2009 ta bayyana sharuɗɗansa. Dole a yi shi da tsiron sha'ir da ruwa da yisti, a matata guda ɗaya, cikin manyan tukwanen jan ƙarfe. Dole ya zauna cikin gangar itacen oak a ƙasar Sikotilan shekara 3 ko fiye. Dole kuma ƙarfin barasar da ke ciki ya kai kashi 40 cikin 100. In an rubuta shekara 12 a jikin kwalba, to, mafi ƙuruciya daga cikin wuskin da aka zuba ya yi shekara 12 a ganga.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yin burukutu ya riga ya san rabin aikin. Akan jiƙa hatsi, a bar shi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a bar shi ya yi tsami. Bambancin shi ne, a Sikotilan ba a tsayawa a nan. Akan dafa ruwan cikin tukunya, a kama tururin, ya huce ya koma ruwa, galibi sau biyu, domin barasar ta taru wuri ɗaya. A tsibirin Islay, wanda mutanen wurin suke kira Aila, matatu irin su Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg sukan busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta, shi ya sa wuskinsu yake ƙaurin hayaƙi. A kwarin kogin Spey kuwa, inda Glenfiddich da Glenlivet da Macallan suke, an fi son mai zaƙi-zaƙi. Gangunan ma yawancinsu tsofaffi ne, waɗanda aka riga aka adana wuskin Amurka ko ruwan inabin Sifen a ciki.

Lalle akwai gwaninta a wannan aiki, akwai kuma haƙuri. Mutumin da ya zuba abu a ganga ya jira shekara 18 ba rago ba ne. Amma gwanintar maƙeri ba ta hana wuƙa yanka.

Wane ne ya koya wa mutane wannan sha'awa?

Masu ɗanɗano suna son ambaton tarihi. Sukan tuna cewa a shekarar 1494 littattafan baitulmalin sarkin Sikotilan sun ambaci wani ɗan zuhudu, John Cor, wanda aka ba shi tsiro domin ya yi abin da ake kira ruwan rai. Daga wannan suna, a harshen mutanen tuddan ƙasar, kalmar wuski ta fito. Sukan kuma tuna da dokar haraji ta 1823, da George Smith na Glenlivet wanda ya karɓi lasisi a 1824. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, wannan sha'awa ta tara kwalabe da gwada su sabon abu ne. Har tsakiyar ƙarni na 20, kusan dukan wuskin waɗannan matatu akan sayar da shi ga masu gauraya ne. Sai a shekarar 1963 masu Glenfiddich suka fara tallata nasu shi kaɗai a ƙasashen waje. Da suka ga riba, sauran suka bi. Aka soma buga littattafan ba da maki, aka gina ɗakunan baƙi a matatu, aka cika kantunan filayen jirgin sama da kwalabe cikin akwatuna masu ado. A shekarar 2022 wuskin da Sikotilan ta fitar waje ya wuce fam biliyan 6.

Hoton da ake nunawa shi ne na wani dattijo a ƙauye, gefen rafi, yana lura da tukunyar kakanninsa. Amma Lagavulin da Talisker na kamfanin Diageo ne, kamfanin da yake da Johnnie Walker da Smirnoff da sunan Guinness. Glenlivet na Pernod Ricard ne na Faransa. Laphroaig yana hannun Suntory na Japan. Mutumin da yake tsammani shi ya gano ɗanɗanonsa da kansa, bai sani ba wani ne ya share masa hanya, ya kuma tsaya a ƙarshenta da akwatin kuɗi.

Hancin gwani

To, ilimin da ake taƙama da shi fa? A shekarar 2017 wani baƙo ɗan ƙasar Sin ya biya kusan faran 10,000 na Suwizalan a wani masauki a garin St Moritz, domin ɗan ƙaramin kofi ɗaya daga kwalbar da aka ce Macallan ce ta shekarar 1878. Ya sha, ya tafi da murna. Daga baya masana suka ga hoton kwalbar a jarida, suka yi shakkar takardar jikinta da murfinta. Aka kai ɗakin bincike, sai aka tarar an yi wuskin wajen shekarar 1970 zuwa 1972, gaurayayye ne kuma, ba na matata ɗaya ba. Masaukin ya mayar wa mutumin kuɗinsa. A lura, harshe da hanci ba su kama ƙaryar ba. Hoto da na'ura ne suka kama ta.

A shekarar 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotilan da ke East Kilbride ta gwada kwalabe 55 na tsohon wuski mai tsada. Aka sami 21 daga cikinsu jabu ne, ko kuwa ba na shekarar da aka rubuta ba. Ko launin nan ja-ja da ake ɗaga kofi ana yabawa, doka ta yarda a ƙara masa ƙonannen sukari domin ya yi duhu. Wanda ya sayi kwalba domin sunanta, sunan yake sha. Sai dai hantarsa ba ta iya karatu, barasar kaɗai take karɓa.

Kurɓi kaɗan

Babbar hujjarsu ita ce, "Ai kurɓi kaɗan ne, ba a kai ga maye." Sai a yi lissafi. A ma'aunin Birtaniya, ɗan kofi mai mililita 25 na wuski mai ƙarfin kashi 40 shi ne awo 1. A shekarar 2016 manyan likitocin gwamnatin ƙasar suka ba da shawara kada mutum, namiji ko mace, ya wuce awo 14 a mako. Zaman ɗanɗano mai kofi 6 ya cinye kusan rabin wannan a dare ɗaya. In kuwa irin wanda aka ɗura kai tsaye daga ganga ne, mai ƙarfin kashi 60, wanda gwanaye suka fi so, kofi 6 ya zama awo 9. Kwalba guda ta santilita 70 tana ɗauke da awo 28. Mutumin da ya jera kwalabe 20 a ɗakinsa ya ce kallo kawai yake yi, ya ba kura ajiyar nama.

Tun shekarar 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa cikin rukuni na farko na abubuwan da suke haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da lahani. Ba ta keɓe mai tsada ba.

A dubi Sikotilan kanta. Ƙasa ce mai mutane wajen miliyan 5 da rabi. A shekarar 2023 mutum 1,277 suka mutu a can saboda cututtukan da barasa ce kaɗai sanadinsu, wato fiye da mutum 3 kowace rana. Tun watan Mayu na 2018 gwamnatin ƙasar ta sa doka kada a sayar da awo 1 ƙasa da kwabo 50 na Ingila, a watan Satumba na 2024 kuma ta ɗaga shi zuwa 65. Ƙasar da take aika wa duniya ruwan rai, ita ce take neman yadda za ta raba 'ya'yanta da kwalba.

Wani zai ce, waɗannan talakawa ne masu shan mai araha, ba masu singul molt ba. Da gaskiyarsa, gama mutuwar ta fi yawa ƙwarai a unguwannin matalauta. Amma wannan bai wanke kowa ba. Kwalba mai tsada ita take sa wa sha babbar riga. Yaro yakan ga manya masu ilimi suna yi, sai ya ɗauka alamar wayewa ce. Ba shi da kuɗin Macallan, saboda haka ya sayi abin da aljihunsa ya kai. Ribar biyun kuwa sau da yawa aljihu ɗaya take shiga.

Mutanen Sikotilan da kansu sun daɗe suna wannan kokawa. A shekarar 1829 John Dunlop ya kafa ƙungiyoyin ƙin barasa a yankin Greenock da Glasgow. Dokar 1913 ta ba garuruwa ikon jefa ƙuri'a su rufe mashaya, garin Wick kuwa, wanda yake da matatar wuski a cikinsa, ya rufe nasa daga 1922 har 1947. A 1922 ɗin nan ne Edwin Scrymgeour, ɗan takarar hana giya, ya sami kujerar majalisa a Dundee, a zaɓen da Winston Churchill ya fāɗi. Ba a rubuta wannan tarihi a jikin kwalba.

Ma'auni biyu

A nan maganar ta shafi masu bi. A ikkilisiyoyi da yawa na Hausa, macen da aka samu tana dafa burukutu akan sa ta a horo, ko da kuɗin makarantar 'ya'yanta take nema. Daidai ne a tsauta mata. Amma idan ɗan'uwa mai digiri ya dawo daga tafiya da kwalba cikin akwati mai ado, ya ce shi ɗanɗano yake yi, sau da yawa sai kowa ya yi shiru, domin ana jin nauyinsa, ko kuwa domin baikonsa yana da yawa. Alhali abin da ke cikin kofinsa ya fi na ƙwaryarta ƙarfi sau da dama. Ikkilisiyar da take auna gwauruwa da mudu ɗaya, ta auna mai kuɗi da wani, ta zubar da mutuncin horonta.

Akan kawo hujja da bikin Kana, da kuma shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa. Waɗannan suna cikin Littafi Mai Tsarki, ba mai musu. Amma ruwan inabin da ya yi tsami da kansa ba ya wuce wajen kashi 15, mutanen wancan zamani kuma sukan surka shi da ruwa. Tace barasa da tururi har ta kai kashi 40 ko 60 sana'a ce da ta bazu ɗaruruwan shekaru bayan manzanni. Wanda yake son ya kafa hujja da Bulus, sai ya karanta Romawa sura 14 ma, inda manzon ya ɗora wa mai ƙarfi nauyin ɗan'uwansa rarrauna. A kowace ikkilisiya akwai wanda ya yi shekaru yana fama kafin ya rabu da giya. Akwai matar da ta sha dūka a hannun mashayi. Me za su koya daga kabad ɗin dattijon ikkilisiya mai cike da kwalabe?

Mutum yana bukatar abin shaƙatawa, wannan ba laifi ba ne. Mai son sanin Sikotilan yana iya karanta tarihinta, har da na mishan da suka fito daga can, irin su David Livingstone da Mary Slessor. Mai hancin gane ƙanshi yana da shayi da gahawa da zuma. Amma wanda aka miƙa wa ɗan kofi aka ce masa wannan ilimi ne, bari ya fara tambaya kashi nawa ne na barasa a ciki, nawa aka saye shi, wane ne kuma yake kallonsa sa'ad da yake kurɓa. Iyaye da dattawan ikkilisiya su kira abin da sunansa, su kuma riƙe mudu ɗaya ga kowa. Mutum 1,277 a shekara guda, a ƙasar da ta fi kowa sanin wuski, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.